Inda Ba Ƙasa Ake Gardamar Kokawa: Mutum Goma da Ba a Rasawa a Gidan Dambe

Duk wanda ya ce maka dambe zai je kallo a gidan dambe, rabin gaskiya ya faɗa maka. Shi damben ba ya daɗewa. Turmi uku ne, kuma sau da yawa tun a na farko ake gamawa. Mutum biyu su sa zare, kowa ya miƙa hannu ɗaya yana auna ɗan'uwansa, ɗaya hannun da aka naɗe yana can baya yana jiran sa'a, sai ka ji tim, ƙura ta tashi, an yi kisa. Kafin ka gyara zama an janye wanda ya faɗi ana yayyafa masa ruwa. To, sauran lokacin, tun daga la'asar har a kira magariba, mutane ake kallo.

Na daɗe ina zuwa. Na zauna a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano, na sha rana a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, na leƙa na Marabar Nyanya. Abin da na lura da shi, 'yan dambe ne ke sauyawa. Yaro ya taso, ya yi tashe, ya tsufa, ya ajiye zare. Amma mutanen nan goma, ko Gusau ka je, ko Maraɗi, ko Agege a Legas, za ka tarar sun riga ka kama wuri. Ga su nan bi da bi. In ka ga mai kama da kai, kada ka yi fushi, ni ma ina ciki.

1. Baba Mun-Ga-Jiya

Shi ke fara zuwa, tun makaɗa ba su ɗaure kalangu ba. Ya shimfiɗa buzunsa a sahun gaba, ya ɓare goro, ya dubi fili da irin kallon da ake yi wa miyar da aka tsinka da ruwa. Duk kisan da za a yi, ko da wanda ya sa jama'a suka miƙe tsaye ne, shi tsaki zai ja.

"Ɗana, wannan ba dambe ba ne, tsalle-tsallen 'yan awaki ne. Ka ga Shago? Ka ga Ɗandunawa? To, yi shiru."

Gaskiya akwai abin ji a bakinsa. Shi zai gaya maka cewa asali dambe na Rundawa ne, wato mahauta, shi ya sa har gobe kalangu ne kiɗansa. Da kaka ake yi, bayan amfanin gona ya zo gida, a tashi daga wannan gari zuwa wancan, ba ƙofa ba tikiti, abin da namiji ke nema suna ne. Zai ba ka labarin masu ɗaura akayau a ƙafa su yi shuri da shi, da yadda mawaƙi Ɗan Anace ya ɗauki sunan Shago ya kai shi inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Matsalar Baba ita ce labarinsa girma yake yi kamar kabewa. Naushin da bara ya ce an jiyo ƙararsa a ƙauyen da ke mil biyu, bana ya kai mil bakwai. In kuma ka lissafa damben da ya ce a gabansa aka yi, sai ka ga akwai yammacin da yake Sakkwato kuma yake Kano. Tun zamanin Shagari yake sanar da rasuwar dambe, har yau kuwa bai taɓa fashin zuwa zaman makokin ba.

2. Malam Da-Ni-Ne

Wannan bai taɓa naɗa zare ba. Faɗansa na ƙarshe a firamare ya yi shi, kuma waɗanda suka halarta ba su manta wanda aka kai wa hedimasta yana kuka ba. Amma da an shiga fili, ba wanda ya kai shi sanin abin da ya kamata a yi.

"Shiga! Shiga mana! Me kake jira?"

Yaro ya shiga, a tare shi da bahago, ya zube. Sai Malam ya juyo ya dube ka, ko kunya babu: "Ka gani ko? Ai tun ɗazu nake cewa kada ya shiga. Da ni ne, sai na ja shi turmi na uku."

Da an tashi daga dambe sai ya zarce gidan kallon ƙwallo, can ne babban ofishinsa, inda yake korar masu horar da 'yan wasa. A shekara 22 da Wenger ya yi a Arsenal, goma na ƙarshe kullum sai Malam ya sallame shi. Ranar da mutumin ya tafi da gaske a 2018, Malam ne ya fara cewa ba za a sake samun irinsa ba. Da kocin Najeriya Stephen Keshi ya ɗebi 'yan wasan gida ya tafi da su gasar kofin Afirka ta 2013, ba irin abin da Malam bai faɗa ba. Da Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan, ya ci Burkina Faso ƙwallon da ta kawo kofi, sai ga Malam a kan benci yana rantsuwa cewa shi dama ya daɗe yana ba da wannan shawara. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: in an ci, 'yan wasa ne suka yi ƙoƙari, in an sha kashi, koci ne bai san aikinsa ba. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake jera uku a 2012 da 2013 da 2014, amma ban taɓa jin ya ce wani koci ya iya ba.

Mutumin da ke tsara wa 'yan wasa goma sha ɗaya inda kowa zai tsaya, je ka gidansa da yamma ka ga yadda yara uku ke gagarar sa tafiya Islamiyya.

3. Ɗan Ɓangare

Dambe gida uku ne: Arewa, da Kudu, da Guramada. Kowane ɗan kallo yana da inda zuciyarsa ta karkata, wannan ba laifi ba ne. Amma Ɗan Ɓangare ya wuce nan. Shi a tarihin duniya ba a taɓa kashe ɗan gidansu ba.

Doka a fili take: hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an yi kisa. To, in nasa ne ya taɓa, santsi ne. In ya faɗi warwas, ƙafarsa ce ta harɗe. In ya suma sai da aka kawo ruwa, alƙalin wasa ne ya shiga tsakani ya ruɗa shi, kuma ai kowa ya san daga inda alƙalin ya fito. In kuwa na wancan gidan ne ya ɗan sunkuya zai gyara wando, sai ka ga Ɗan Ɓangare a tsakiyar fili yana tsalle: "Ya mutu! Wallahi ya mutu!"

Ya haddace salsalar 'yan dambe kamar mai karanta asalin sarakuna. Ya san wane Shagon wane ne, wane Autan wane, wane Bahagon wane, wane Dogon wane, har ya kai ka ga kakan gidan. Ka ambaci Ebola ko Ali Ƙanin Bello ko Garkuwan Cindo ko Dogo Mai Takwasara, zai gaya maka wa suka kashe, a wane gari, a turmi na nawa. Ka tambaye shi ajin da 'yarsa take, sai ya ce bari ya kira uwarta.

Abin dariyar, su waɗanda suka naushi juna, da dare za ka gan su a tire ɗaya suna cin tsire. Shi kuwa da maƙwabcinsa ɗan wancan ɓangaren sai a yi mako ba a gaisa ba.

4. Shehin Layu

A wurin wannan bawan Allah, naushi bai taɓa kayar da kowa ba. Duk abin da ka gani da idonka, akwai wani a ƙarƙashinsa. Ba ya kallon ƙafa, ba ya kallon kafaɗa. Guru yake dubawa a ƙugu, da kambu a dantse, da layun da ke lilo a wuya. Murya ƙasa-ƙasa yake magana, yana waige.

"Ka ga hannun can da ya ɗaga ya kasa saukewa? Sagau ne. Ka ga naushin da ya wuce ta gefen kunne? Kau-da-bara ke nan. Yaron nan a dafe yake."

In mai tulin layu ya yi kisa, sai ya dafa ka: "Me na gaya maka?" In kuma wani siririn yaro da ba shi da ko zobe ya shimfiɗe mai layun, ba ya girgiza. An karya masa ne. Ko ya saɓa sharaɗi, an hana shi cin kuɓewa ya ci. Ko kuwa shi siririn nasa a ciki yake, haɗiya ya yi. Ba ta inda za ka ɓullo masa. Cewa yaron nan kullum da asuba yana gudu a bayan gari, yana dukan buhun yashi har hannu ya kumbura, wannan a wurin Shehi ba hujja ba ce.

Daga ƙarshe zai raɗa maka cewa ya san wani tsoho a wani ƙauye can bayan iyaka, in kana so, baƙin zakara ne kawai da kuɗin mota. Ranar da na fi jin tausayinsa, yana tsakiyar yi mana bayanin layar da ke hana ɓarawo ganin aljihu, ya laluba ya ji wayarsa ba ta nan.

5. Alhaji A-Gan-Ni

Ba ya zuwa da wuri, don in ya zo da wuri wa zai gan shi? Sai fili ya cika, manya sun sa zare, sannan za ka ga ana darewa. Babbar riga ta sha sitati, yara biyu a baya, ɗaya riƙe da jaka. Ba kujerarsa zai nufa ba, wurin makaɗa zai dosa, a dakatar da komai sai an gama kiran sunansa da na mahaifinsa da na kamfaninsa.

Liƙi yake yi da sababbin kuɗi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda za a daɗe ana kallo. Sai yaran makaɗa sun tattara sun ƙirga sannan su gane ƙarar ta fi ƙwarin. Sa'an nan ya karɓi lasifika: duk wanda ya yi kisa a wannan dambe, ya ba shi babur. Fili ya ɗauki sowa. Yara su kusa hallaka juna. Babur ɗin kuwa yana hanya, kuma hanyar tana da tsawo, don akwai wanda aka yi wa alkawari tun kafin a cire tallafin mai.

Ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai masu hali da suka sa mota a gasa kuma aka miƙa makulli a gaban jama'a, akwai masu biyan kuɗin asibiti ba wanda ya ji. Amma shi Alhaji A-Gan-Ni, ran da yaron da ya yi wa liƙi ya karye a muƙamuƙi, wayarsa a kashe take. In zaɓe ya matso, irinsa yawa suke yi kamar fara, har da hula mai hoto. Da an rantsar da gwamnati sai su ɗauke kamar ruwan bazara.

6. Zakin Kirari

Shi wannan ɗan dambe ne, ko dai haka ake ce masa. Da makaɗa sun taɓa takensa sai ya zabura, jiki na tsuma, ido ya kaɗa, mutum huɗu su riƙe shi yana fizgewa. Ya zagaya fili yana nuna sama yana nuna ƙasa, ya yi kirarin da in baƙo ne kai sai ka tausaya wa duk wanda zai tsaya gabansa. Ya bi manya ɗaya bayan ɗaya ya durƙusa, a yi masa kari, ya cusa a wando.

Sai a zo maganar abokin karawa. A kawo wannan, ya dube shi sama da ƙasa: "Yaro ne, ba sa'ana ba ne, kada a ce na ci zali." A kawo wancan, wani dogo mai ƙirar samudawa, sai Zaki ya fara matsa wuyan hannu yana yamutsa fuska, ai tun damben da ya yi a wani gari mai nisa hannun bai saki ba. In aka matsa masa ya amince, to naɗin zare zai fara. Ya naɗa, ya warware, ya ce bai zauna ba. Ya sake naɗawa, ya nemi ruwa, ya tofa, ya shafa. Yana cikin haka ladan zai kira magariba, sai ka ga ya fi kowa jin haushi: "Kai! Allah ya cece shi yau."

Yana alfahari cewa ba a taɓa kashe shi ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kura ta san gidan mai babbar sanda.

7. Ɗan Waya

A ba shi haƙƙinsa tukuna. Shi da ire-irensa ne suka fitar da dambe daga bayan kasuwa suka kai shi YouTube da Facebook da TikTok, har mutanen da ba su san inda Kano take ba suka san turmi da kisa. Yaron da da sai garinsu aka san shi, yanzu ana kallonsa a ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba.

Sai dai shi Ɗan Waya bai taɓa ganin dambe da idonsa ba. Ta gilashi yake gani, hannu a sama, ya tare wa mutum biyar na bayansa. Kuma akwai wata ƙaddara da ke bin sa. Zai ɗauki turmi biyu cur ana zagaye ana auna juna, ba abin da ya faru. Daidai lokacin da hannu zai sauka, sai kira ya shigo, ko caji ya ƙare, ko kuwa ya juya wayar yana nuna fuskarsa yana cewa a danna masa alamar so. Fili ya kaure da ihu, shi kuma ya dafa na kusa: "Malam, don Allah wa ya faɗi?"

Wannan ba ya hana shi sakawa da dare, da babban take: kisan da ya girgiza Arewa. Ka ƙona datarka ka kalla har ƙarshe, ka tarar an tashi babu kisa.

8. Na-Dawo-Daga-Amurka

Kwas na wata tara ya je, yau shekara ashirin, amma har yanzu kowace magana tasa da "a can" take farawa. Yana zuwa da hular hana-sallah da gorar ruwa, ya zauna yana girgiza kai.

Shi wasansa besbol ne, wani ƙwallon gora na Amurkawa, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya koya maka. Mutum tara-tara ne. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka ɗaya. Gasar ƙarshe sunanta gasar duniya, alhali ƙungiyoyi talatin ɗin duk na Amurka ne in ban da guda ɗaya ta Toronto a Kanada. Abin da ya fi burge shi manaja. A can, in ji shi, manaja kayan 'yan wasa yake sawa, ko da ya tsufa ya yi tumbi, ya tsaya a bakin rumfa yana ba da umarni da ishara: a taɓa hanci, a shafi kunne, a gyara hula, kowanne da ma'anarsa.

Baba Mun-Ga-Jiya ya saurara har ƙarshe, ya tofar da tukar goro, ya ce: "Wato shi tsohon ba ya bugu, ba ya gudu, sai dai ya sosa hanci a biya shi? Ai mu ma muna da irinsa, kyauta ma yake yi." Ya nuna Malam Da-Ni-Ne.

Amma a bakin Na-Dawo-Daga-Amurka na ji abin da ya sanyaya mini jiki. Shekara ɗari da suka wuce, wasanni uku ne ke riƙe da Amurka: besbol, da dambe, da sukuwar dawaki. Yau dambe da sukuwa sun koma gefe, shi kansa besbol sai da aka sa masa agogo a 2023 don wasa na wuce awa uku matasa suna gajiya. Ashe kukan mutuwar wasa ba a kanmu aka fara ba. Yakan kuma tuna mana damben zamani na ƙasar nan: Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger ya kare kambunsa a Ibadan a 1963, kuma lambar farko da Najeriya ta samu a wasannin Olamfik ta dambe ce, wadda Nojeem Maiyegun ya ciyo a Tokyo a 1964. Rabon da dambe ya sake kawo mana lamba daga can tun 1996.

Da jini ya fito a fili sai ya rufe ido yana tambaya: "Ina likita? Ba likita a nan?" Kowa ya yi masa dariya. A duk surutunsa kuwa, nan ne kaɗai ya fi mu gaskiya.

9. Na-Gida-Ne

Bai taɓa biyan kuɗin ƙofa ba, kuma yana ganin ranar da ya biya mutuncinsa ya zube. Yau shi ƙanin makaɗi ne. Gobe shi ke riƙe wa wane gorar ruwa. Na taɓa ganin ƙarti biyar sun shigo da kalangu ɗaya, kowa ya sa masa yatsa. In duk dabara ta ƙare, ga katanga, ga bishiyar darbejiya, ga rufin shagon maƙwabta.

Da ya samu ya shige, shi ne mai babbar murya. Me ya sa ba a gayyato manya ba? Me ya sa ba rumfa? Wannan wane irin gidan dambe ne ba kujeru? Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa daga ina ake sallamar makaɗa, da me ake biya wa baƙin 'yan dambe kuɗin mota da masauki, me ake raba wa yaran da suka ba da fuskarsu aka daka. Daga ƙofar nan ne da ya zagaye.

Wannan mutumin dai, in Barcelona za ta kara da Real Madrid, tun kafin a tayar da janareta ya miƙa kuɗinsa a gidan kallo, ba gardama, ba "na gida ne".

10. Inna Mai Shinkafa

Tana bakin ƙofa da tukunyarta, ta ba fili baya. Ba ta taɓa shiga ba, ta ce ba za ta iya kallon ana dukan 'ya'yan mutane ba. Amma in kana son sanin wanda zai faɗi yau, ƙyale Shehin Layu, ƙyale Malam Da-Ni-Ne, je ka sayi shinkafa da wake.

Ita ta san wanda ya cika ciki da rana har ya nemi ƙari, ta san wanda tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Ta san wanda ya kwana a tasha, da wanda zazzaɓi ya kayar shekaranjiya yana ɓoyewa, da wanda zai shiga fili ba don ya shirya ba sai don an aiko daga gida mahaifiyarsa ba lafiya. Na ji ta da kunnena tana ce wa wani: "Ɗan nan, yau kada ka yi da dogon nan, idonka bai yi mini ba." Ya ce, "Inna, in ban yi ba me zan ci?" Bai kai turmi na biyu ba.

Littafin bashin da ke kanta shi ne tarihin dambe mafi inganci da na sani. Wanda ya yi kisa ya zo ya biya na mako uku yana dariya. Wanda aka kashe ya zo ya zauna shiru, leɓe a kumbure, ta zuba masa ta ƙara nama ba ta ce komai ba. Mu muna ganin Shagon wane da Autan wane, ita yaran da suka baro ƙauye neman abinci take gani.

Na Goma Sha Ɗaya

Na ce goma, amma akwai wanda na ɓoye, don ni ne. Ni ne mai ta'aziyyar wasanni. Ba a zama da ni minti goma ban fara jero matattu ba. Ina langa, da ake riƙe ƙafa ɗaya ana ture juna har ruwa ya sha? Ina dara a gindin bishiya? Ina carafke? Ina sharon Fulani a ranar kasuwa? Ina sukuwa, da har unguwa ta ci sunanta a Kano? Ina ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wadda Sardauna yake ji da ita? Ina Mighty Jets ta Jos da ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972, ina Raccah Rovers ta Kano da ta ɗauka a 1978? In na fara, har Baba Mun-Ga-Jiya sai ya gaji ya tashi.

To, rannan na dawo gida na tarar da ɗana a tsakar gida ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle, shi da ɗan maƙwabta. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: zai karye, ya wuce ya ɗauki littafi. Sai da na zauna na tuna cewa filin da muka yi langa muna yara, da aka yanka shi filoti-filoti, har da ni a masu saye. Shaguna huɗu na gina a wurin. Ɗaya daga ciki gidan kallon ƙwallo ne.

Mutanen Nijar ba su tsaya zaman makoki ba. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa, suka mai da ita abin ƙasa. Jihohi takwas ke kawo gwanayensu, ana zagayawa da gasar gari-gari, an gina filaye dominta, rediyo da talabijin suna ɗauka, in ana yi kasuwa har sanyi take yi. Yaron da ke Damagaram ya san Issaka Issaka na Doso kamar yadda namu suka san Messi. Mu ma an sa dambe da kokawa da langa a gasar wasanni ta ƙasa, amma tsakanin wannan gasa da ta gaba, wa ke waiwayarsu?

Wasa ba ya mutuwa don an rasa masana. Masana sun yi mana yawa, kun dai gan su. Yana mutuwa ne ran da aka sayar da fili, aka hana yaro, aka zagaye ƙofa, aka bar wanda ya ji rauni da Inna Mai Shinkafa. Saboda haka, mai karatu, in Allah ya kai mu Lahadi, ka je gidan dambe mafi kusa da kai. Ka zama duk wanda ka ga dama a cikin goman nan, ka yi gardama, ka kori koci, ka rantse santsi ne. Amma ka bi ta ƙofa, ka biya kuɗinka, in ka fito ka tambayi Inna ko akwai yaron da ake bi bashi. In kuma ka koma gida ka tarar da ɗanka a kan ƙafa ɗaya, ka matsar masa da kujera.